Dokar Hana Ƙiyayya Da Masu Riƙe Da Ita

Wanda duk ya tashi daga Sakkwato ya bi hanyar arewa, ya wuce Gwadabawa, in ya yi tafiyar wajen mil hamsin sai ya iske Illela, garin da ke bakin iyaka. Gaba kaɗan ga Birnin Ƙonni, cikin ƙasar Nijar. Gidan Katta ɗaya ne daga cikin garuruwan ƙasar Illela, kuma mutanensa, kamar sauran maƙwabtansu, kasuwar Illela su ke ci. Ran kasuwa mutum ya kan ga Bagobiri da Ba'adare, da Bafillace mai shanu, da Buzu mai raƙumi, da Bazabarme, ga kuma Bayarabe da mutumin Ibo sun zo sayen dabbobi da albasa. Ko wanne da harshensa da irin shigarsa, amma ciniki ɗaya ya tara su.

Iyakar da ta raba Illela da Ƙonni ba tsohuwa ba ce. Turawan Ingila da na Faransa su suka shata ta, bisa yarjejeniyar da suka yi a cikin 1904 da 1906. Tun daga lokacin nan, mutumin Gidan Katta in ya taka 'yar tafiya kaɗan ya zama baƙo a ƙarƙashin wata doka dabam. In kuwa ya bi motar shanu zuwa Ibadan ko Ikko, ya zama baƙo a cikin ƙasarsa. Saboda haka ba wanda ya fi mutumin iyaka bukatar sanin abin da doka ta tanada domin wanda aka cuta saboda asalinsa.

Mene Ne Laifin Ƙiyayya?

In mutum ya doki wani domin sun yi faɗa a kan bashi ko gona, wannan laifi ne tsakanin mutum biyu. Amma akwai wanda za a doka, ko a ƙona rumfarsa, ko a kashe shi, alhali bai taɓa haɗa hanya da masu abin ba. Iyakar abin da suka sani game da shi, shi ne ƙabilarsa, ko addininsa, ko harshen da suka ji a bakinsa. Irin wannan shi a ke kira laifin ƙiyayya. Muninsa ya fi na farko, domin ba mutum ɗaya aka nufa ba. Duk mai irin sunansa, ko ina ya ke, ya ji a jikinsa, sa'an nan 'yan'uwansa su kan tashi neman ramuwa a kan wani wanda shi ma bai ji ba bai gani ba.

Dokokin da ƙasashe suka yi a kan wannan iri biyu ne. Na farko su ne masu hukunta baki, watau mai zuga jama'a su ƙi waɗansu mutane. Na biyu su ne masu ƙara wa hannu horo, watau in an tabbata ƙiyayya ce ta sa mutum ya yi ɓarna, sai hukuncinsa ya fi na wanda ya yi irin ɓarnar nan don wani dalili. Ƙasar Hausa ta daɗe da samun iri na farko. Ga yadda aka yi ta same shi.

Tarzomar Kano

Ran 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai a Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a cikin 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ce a bari tukuna sai lokacin da ya dace. Da wakilan Arewa suka fito, sai taron jama'a ya yi musu ihu da zagi, suka komo gida da ɓacin rai. Ana cikin haka, sai jam'iyyar Action Group ta aiko da ƙungiya ƙarƙashin S. L. Akintola don ta yi taro a Kano. Ran 16 ga Mayu mutane suka taru a bakin Colonial Hotel, wurin da aka shirya taron, aka fara jifa. Kwana huɗu aka yi ana faɗa tsakanin Fage da Sabon Gari, har aka kafa dokar ta-ɓaci, aka kawo soja. Bisa lissafin Gwamnati, mutum 36 suka mutu, 15 'yan Arewa, 21 'yan Kudu, mutum 241 suka yi rauni.

Akwai abin lura a nan. Jam'iyyar da ta kira taron, ƙarfinta a ƙasar Yarbawa ya ke. Amma da wuta ta kama, yawancin faɗan tsakanin Hausawa da mutanen Ibo aka yi shi. Watau rikicin ya fara da siyasa, amma kafin kwana biyu ba mai tambayar jam'iyyar kowa. Kaya da harshe kawai a ke dubawa. Haka ƙiyayya ta ke, ba ta tsayawa inda aka kunna ta.

Rikicin Lardin Sakkwato

Kada mai karatu ya zaci sai tsakanin ƙabilu dabam dabam a ke samun haka. A cikin Lardin Sakkwato, tsakanin Musulmi masu harshe ɗaya da alƙibla ɗaya, an yi jayayya mai zafi a kan ɗariƙa, da wazifa, da ƙabalu da sadalu a cikin salla. A cikin 1949 aka rushe waɗansu zawiyoyin Tijjanawa a wajen Gusau da Ƙaura Namoda, da umurnin hukumar En'e. A cikin 1956 kuma rikici ya sake tashi a gabashin lardin, wannan karon har da siyasa a ciki, domin ana ganin samarin wazifa da yawa sun karkata wajen jam'iyyar NEPU.

A zamanin nan masu tsaron doka iri biyu ne. Akwai 'yan sandan Gwamnati, waɗanda aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a cikin 1930. Akwai kuma 'yan doka, watau na En'e, waɗanda suka gaji aikin dogarai. A ƙauyuka irin Gidan Katta 'yan doka aka sani. Su 'yan ƙasa ne, sun san kowa, sun san harshe da hanya, wannan kuwa babban amfani ne. Amma albashinsu da umurninsu daga En'e su ke fitowa. To, in En'e tana da gefen da ta ke so a cikin rikici, wa ɗan doka zai kama? 'Yan hamayya sun yi ta kuka cewa a kan kama su don sun yi taro ba izini, ko don an ce sun zagi sarauta, alhali kuwa in su aka jefa ba a kama kowa. Haka kuma ƙananan ƙabilu suka kai irin wannan kuka gaban Hukumar Willink, wadda aka naɗa a cikin 1957 don ta binciki abin da su ke tsoro. Hukumar ta ba da shawara a riƙa haɗa masu tsaron doka sannu a hankali har su zama runduna ɗaya.

Yadda Aka Rubuta Dokar

Da mulkin kai ya matso, Gwamnatin Jihar Arewa ta ga lalle a sami dokar laifuffuka guda ɗaya wadda Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan ƙasa da baƙo, duk za su amince da ita. A cikin 1958 aka gayyato masana shari'a shida. Shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Sauran su ne Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da Shettima Kashim Wazirin Barno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawara a ɗauki samfurin dokar Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga dokar Indiya ta 1860, domin waɗannan ƙasashe ne masu Musulmi da yawa zaune tare da mabiya waɗansu addinai. Da aka tsara ta, sai aka miƙa wa malamai, Wazirin Sakkwato Malam Junaidu yana shugabansu, suka bi ta dalla-dalla. Majalisa ta zartar da ita a cikin 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana jajibirin mulkin kai. Ita ce mutane suka sani da suna Final Kod.

Sashe biyu a ciki sun shafi wannan magana. Sashe na 417 ya hana mutum neman cusa ƙiyayya ko raini ga wani jinsin mutane ta yadda zai jawo ɓacin zaman lafiya, horonsa kuwa ɗauri har shekara uku, ko tara, ko duka biyu. Sashe na 210 ya hana zagin ko wane addini a bainar jama'a ta yadda zai ta da fitina, horonsa ɗauri har shekara biyu, ko tara, ko duka biyu. A lura, ko wane addini aka ce, ba a zaɓi ɗaya ba. Kisa da rauni da ƙone-ƙone suna da nasu sassan, amma dokar ba ta ware wani ƙarin horo ba don an yi su saboda ƙabila. Daga baya jihohi sun yi wa dokar gyare-gyare, lambobin sassa suka sassauya a waɗansu wurare, amma tushen nan shi ne.

Can ƙetaren iyaka ma ba a bar abin haka ba. Dokar laifuffuka da Nijar ta yi a cikin 1961, a sashe na 102, ta yanka ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ga mai nuna bambancin launi ko ƙabila, ko mai yaɗa ɓangaranci, ko mai tauye wa mutane 'yancin ibada ta yadda zai haɗa 'yan ƙasa faɗa. Ke nan, tun 1961, mutumin Gidan Katta ko Illela ya ci kasuwa ko Ƙonni, akwai rubutacciyar doka da ta tsare shi.

Amma doka a takarda kamar takobi ne a cikin kube. A cikin Mayu na 1966, da kuma Satumba da Oktoba, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, sauran suka gudu suka bar dukiyarsu, sashe na 417 kuwa yana nan a littafi shekara shida ke nan. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A cikin shekarun nan ne aka fara shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, daga 1968, har aka gama a farkon shekarun 1970. Wannan ya raba masu tsaron doka da En'e, amma ya kawo wata wahala. Sai ga ɗan sanda an kawo shi daga nesa, bai san harshen gari ba, bai san wanda ke gaba da wani ba.

Abin Da Ya Faru A Ingila

Waɗansu ƙasashe sun sha irin wannan wahala, kuma labarin Ingila yana da amfani. Ran 22 ga Afrilu, 1993, wani saurayi baƙar fata mai shekara 18, Stephen Lawrence, yana jiran mota a wata unguwa ta London, sai waɗansu samari farar fata suka auka masa da wuƙa suka kashe shi. Bai san su ba. Cikin 'yan kwanaki mutane suka ba 'yan sanda sunayen waɗanda a ke tuhuma, amma aka yi sakaci har shaida ta lalace. Iyayensa ba su yi shiru ba. Gwamnati ta naɗa wani tsohon joji, Macpherson, ya bincika, ya fito da rahotonsa a cikin 1999. Ya ce ba rashin iya aiki kaɗai ba ne, akwai wariyar launi da ta yi kanta a cikin rundunar kanta. Daga nan aka kafa ƙa'ida cewa in wanda aka cuta, ko wani da ya gani, ya ce saboda launinsa aka yi masa, tilas ɗan sanda ya rubuta haka a littafi, ya kuma bi wannan sawu. A cikin 1998 Ingila ta riga ta yi dokar ƙara horo ga laifin da aka yi don ƙin launin mutum, a cikin 2001 aka ƙara da addini. Duk da haka sai a cikin 2012 aka ɗaure mutum biyu saboda kisan saurayin nan, bayan shekara 18 da 'yan watanni. Amurka kuma tun 1990 ta yi doka cewa a riƙa ƙidaya irin waɗannan laifuffuka ko wace shekara.

A Nijeriya, a cikin 2019, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo shirin dokar hana kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya in magana ta jawo mutuwa. Jama'a da 'yan jarida suka ƙi, don tsoron kada masu mulki su mai da ita sandar dukan masu suka, yadda aka yi kuka da 'yan doka a zamanin En'e. Majalisar ta gama wa'adinta a cikin 2023 shirin bai zama doka ba.

Misali Uku

Cikin 'yan shekarun nan an yi abubuwa uku da suka nuna inda gizo ke saƙa. Na farko a maƙwabtan Illela aka yi shi. Da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato da sata da kisa, sai waɗansu suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai don tsare garuruwansu. Amma a hankali waɗansunsu suka daina bambanta ɓarawo da makiyayi. A cikin Oktoba, 2021, suka shiga kasuwar Mamande, cikin ƙasar Gwadabawa, suka kashe Fulani 11 da rana tsaka, ba tuhuma ba shari'a. Watan bai ƙare ba sai 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, suka kashe fiye da mutum 40, mutane da yawa kuwa suka ɗauki wannan ramuwar gayya ce. Waɗanda suka mutu a Goronyo 'yan kasuwa ne, ba su suka je Mamande ba. Daga baya Gwamnatin jihar ta haramta 'yan sa-kai.

Na biyu a birnin Sakkwato. Ran 12 ga Mayu, 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, aka tuhumi wata ɗaliba Kirista da ɓatanci ga Annabi a cikin wani saƙo na WhatsApp. In akwai laifi, akwai doka da kotu da aka tanada dominsa. Amma taro ya fi ƙarfin masu gadin da suka ɓoye ta, aka kashe ta aka ƙona. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da abin, ya ce a hukunta masu hannu. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Da aka yi zanga-zangar neman a sake su, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. Aka kai mutanen biyu kotun majistare, amma ba da tuhumar kisa ba, sai ta haɗa baki da ta da hankalin jama'a. A cikin Janairu, 2023, kotu ta kori ƙarar, domin masu gabatar da ita sun daina zuwa.

Na uku a Kudu. A ƙarshen Maris, 2025, ana gab da Ƙaramar Salla, waɗansu mafarauta 'yan ƙasar Kano suka taso daga Jihar Ribas za su gida. A Uromi, cikin Jihar Edo, 'yan banga suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, sai aka yi shela wai masu satar mutane ne. Taro ya kashe 16 daga cikinsu. 'Yan sanda suka ba da sanarwar kama mutum 14, Gwamnan Edo kuma ya zo Kano ta'aziyya.

A Mamande Bafillace ne, a Sakkwato Kirista ce, a Uromi Bahaushe ne. Ko wanne an yanke masa hukunci a titi kafin a tambaye shi. Wanda ya ke cikin masu yawa a garinsu, tafiyar kwana ɗaya ta isa ta mai da shi bare. Hausawa dai sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Da Tarihin Ya Nuna

Wanda ya bi labarin nan daga 1953 zai ga ba rashin doka ne ya fi cutar mutane ba. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin haihuwa, kisa kuwa laifi ne a ko wace doka. Wuyar aikin tana hannun ɗan sanda, a wuri huɗu. Na farko, ya ji jita-jita tun tana ƙarama ya tare ta, domin ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na biyu, ya tsare ran wanda a ke tuhuma ko da gari duka na ihu a bakin caji ofis. Na uku, ya rubuta laifi da sunansa na gaskiya, kada kisa ya koma ta da hankali a takarda. Na huɗu, ya tara shaida, ya riƙa zuwa kotu har a yanke hukunci. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, mutane su kan fid da rai daga shari'a, daga nan kuwa sai ramuwa.

Amma ɗan sanda ba ya aiki shi kaɗai. Ba zai tabbatar da laifi ba in duk waɗanda suka gani suka ce ba su gani ba. A nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ke da rabonsa na aiki. Ya iya rubuta ƙara da hannunsa, ya sa rana da wuri, ya ajiye kwafe. In saƙo ya shigo wayarsa cewa ƙabila kaza ta yi kaza, ya iya tsayawa ya bincika kafin ya aika wa wani, gama magana zarar bunu ce. In aka kama wani a kasuwa, ya iya zama mutum na farko da zai ce a kai shi ga hukuma. Tun zamanin fatake, ƙasar Hausa ta san baƙo amanar mai masauki ne, da wannan amana kuwa kasuwar Illela ta cika har ta yi suna. Allah ya sa ta ci gaba da cika, kowa ya koma gidansa lafiya.